Jarkar Rubutu a Filin Jirgin Kano

Sallama gare ku 'yan uwa masu bin labarina. Kafin kowa ya fara yi min ƙorafin shirun da na yi, ku bari in nutsu tukuna, domin daga wata ƙasa nake rubuto muku wannan. E, ni Ramla 'yar Kiru, wadda iyakar tafiyarta a duniya Zariya, yau a Garwa ta ƙasar Kamaru na kwana. Kuma wallahi saura ƙiris da yanzu ina ɗakin Umma ina kuka, an rufe maganar aurena gaba ɗaya.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, Hafizu shi ne wanda nake so. Ɗan Garwa ne, yana zuwa sayen masara da waken suya a Kwanar Dangora da Tudun Wada. A kemis ɗin da nake aiki muka haɗu, ya shigo neman maganin mura, ya warke, ya ci gaba da zuwa neman maganin murar. Mahaifina Malam Sha'aibu bai ga aibunsa ba. Baffannina ne suka tsaya kai da fata, wai ba za a ɗauki 'ya a ba mutumin da babu wanda ya taɓa ganin ƙofar gidansu ba.

Da surutu ya yi yawa, Malam ya tara mu a tsakar gida bayan la'asar.

"Na yi istihara," ya ce. "Yaya Delu za ta je ta ga gidansu da idonta. Idan Allah Ya buɗe hanya aka isa lafiya, to da alheri a ciki. Idan wani abu ya tare tafiyar, kowa ya haƙura, kada in sake jin maganar nan a gidana."

Kun san Malam, in ya faɗi magana ba ya dawowa ya gyara ta. Abin da ya fi tayar min da hankali kuwa shi ne wadda aka zaɓa. Gwaggo Delu yayar Malam ce, ita ta yaye ni, a ɗakinta na tashi, har yau ni ke ba ta maganin hawan jininta. Kuma ba ta ƙaunar Hafizu ko kaɗan. Tunda ta taɓa jin yana waya da Faransanci a zaure ta raɗa masa suna Ɗan Faransa, in ya gaishe ta da hanci take amsawa.

Hanyar mota ta yi wa gwiwarta nisa, shi ya sa Hafizu ya nemo mana wani ƙaramin jirgi da ke tashi daga Kano zuwa Garwa sau ɗaya a mako. Gwaggo ta ce ita kam ba inda za ta je ba da ni ba, wa zai karanta mata takardu, wa zai tuna mata magani? Daga ƙarshe Malam ya amince. Haka muka sha zirga-zirgar fasfo da katin rigakafi, Gwaggo tana mita a kowane ofis.

Ranar tafiya tun da sassafe ta ci ado. Koriyar atamfarta da ke ƙasan akwati ta ɗauko, wadda ko bikin 'yar Baffa ba ta yarda ta saka ba, ta kafa ɗaurin ɗankwali, ta yafa farin mayafi mai duwatsu, ƙafa ta sha lalle har idon sawu. Wai kada mutanen Faransa su raina mu. Ni doguwar riga ruwan toka na saka da hijabi baƙi, don kada a ce ina rawar kai. Umma ta cika jakar bakko da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da zumar Doguwa, ta ɗaure bakin da igiya.

Muna shirin shiga mota Malam ya fito daga zaure riƙe da wata farar jarka, irin ƙaramar nan ta man gyaɗa, an wanke ta fes. Ya ji labarin mahaifiyar Hafizu tana fama da ciwon ƙafa, har ta daina fita. Ashe kwana da kwanaki yana yi mata rubutu a allo yana wankewa yana tarawa.

"Yaya, wannan amana ce," ya ce. "Daga hannunki sai hannunta."

Gwaggo ta karɓa da hannu biyu ta rungume a ƙirji. Yayana Mas'ud ya tayar da mota.

Muna hanya wayata ta yi ƙara. Hafizu ne.

"Kun taso?"

"Mun wuce Kwanar Dangora."

"Ya surukata?"

"Tana jan carbi tana hararar gilashi."

"Ki ce mata Ɗan Faransa yana gaisuwa."

"Kai ka faɗa mata da bakinka, ni ina son raina."

Na kife wayar a cinya ina danne murmushi, domin na lura Gwaggo ta bar hararar gilashi ta dawo kaina.

A filin jirgi Mas'ud ya shigar mana da kaya, ya yi mana sallama ya juya, yana so ya fita daga Kano kafin cunkoso. Wajen auna kaya aka ɗora bakko da akwatinmu. Ma'aikacin ya nuna jarkar da biro.

"Hajiya, wannan fa? A haɗa da kaya."

"A haɗa da me?" Gwaggo ta ce. "Ina kayan suke zama?"

"A ƙasan jirgi."

"Mu kuma a ina?"

"A sama."

"To sannu. Sunan Allah ne a cikin nan. In ba ka ka jefa shi ƙarƙashin akwatunan mutane, mu kuma mu hau samansa mu zauna da takalma? Ba da ni ba."

Mutumin ya faɗi wani abu da Turanci cikin sauri yana ɗaga kafaɗa. Ni kuma hankalina yana kan fasfo, ina tsoron kada ɗaya ya ɓace, ban tsaya na saurare shi ba. Gaskiya ma a raina na ga Gwaggo ta yi daidai. Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san ko allo ba a ajiye shi inda ƙafa za ta tsallaka. Muna kallo kayanmu suka bi bel suka shige.

Sai da muka iso wurin bincike na gane abin da mutumin yake nufi. Layi ne dogo, kowa yana cire agogo da waya yana zubawa a roba. Wata ma'aikaciya ce a wurin, doguwa, da hijabi a ƙarƙashin hular aikinta, an rubuta Tani a ƙirjin rigarta. Tana ganin jarkar ta ɗaga hannu.

"Mama, ruwa ba ya wuce nan."

"Ba ruwa ba ne, 'yar nan. Rubutu ne."

"Na gane, Mama. Amma doka ce, komai mai ruwa in ya kai haka ba ya shiga. Ko a shanye a nan, ko a saka a can."

Ta nuna wani babban kwandon shara cike da robobin lemo da na ruwa. Jama'a, da kun ga fuskar Gwaggo. Har mayafinta ya zame.

"A'uzu billahi! Ayar Allah a bola? Ke 'yar Musulmi ce kuwa?"

Tani ta rikice. "Allah Ya kiyaye, Mama, bakina ne ya saba. Ki yafe ni. To ku mayar a saka a kaya."

Na ruga wajen auna kaya, aka ce an rufe, kayan jirginmu sun riga sun tafi. Na dawo ina haki. Na roƙi Tani, na roƙi ogansu, wani mai gashin baki da ya ce ko mahaifiyarsa ce ba zai bari ba, aikinsa ne a kai. Ban ga laifinsa ba, amma a lokacin ji na yi kamar in shaƙe shi.

"Gwaggo, to mu shanye mana," na ce a hankali.

"Naki ne ko nawa? Ba ki ji abin da Malam ya ce ba? Daga hannuna sai hannunta."

"To mu ba wani ya ajiye mana har mu dawo."

"In je wa baiwar Allah hannu rabbana, in ce amanarki tana Kano wajen wani ƙato?"

Ta ja gefe ta samu benci ta zauna, ta cire takalmi ɗaya, ta ɗora jarkar a cinya.

"Shi ke nan, Ramlatu. Abin da Malam ya faɗa ke nan. An tare hanya. Kira Mas'ud ya juyo ya ɗauke mu, bai yi nisa ba."

Abin da ya fi ƙona min rai, da na dubi fuskarta babu ɓacin rai ko ɗigo. Sakayau take, kamar wadda aka sauke wa dakon itace. Na san in muka koma Kiru da jarkar nan, Gwaggo ba za ta ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba, gaskiya tsantsa za ta faɗa, kuma gaskiyar ta isa. Malam zai ce Allah bai nufa ba. Baffanni su ce dama sun faɗa. Ana haka lasifika ta fara kiran masu zuwa Garwa.

Na koma bayan wani ginshiƙi na kira Hafizu. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba. Da ƙyar ya fahimci abin da nake faɗa.

"Tsaya, Ramla, tsaya," ya ce. "Rubutun nan na wa ne?"

"Na mahaifiyarka mana."

"To ai ga mai shi a kusa da ni. Yi mata bayani."

"Kai! Kada ka..."

Kafin in rufe baki na ji wata murya mai taushi, Hausarta irin ta mutanen can da ke haɗawa da Fulatanci.

"Salamu alaikum, 'yata."

Ku da kuka san kunya ku taya ni ji. Ban taɓa magana da matar nan ba. Ko hotonta Hafizu ya turo min, da ido ɗaya nake kallonsa. Ban san sanda na durƙusa har ƙasa ba, a tsakiyar filin jirgi, ina gaishe da waya. Mutane suna wucewa da akwatuna suna kallona. Na faɗa mata abin da ake ciki, na haɗa da hukuncin Malam, domin na ga ɓoye-ɓoye ba zai fisshe ni ba.

Ta saurara har na gama. Su Hafizu Dada suke kiranta.

"Ba ni gwaggonki," Dada ta ce.

Na kai wa Gwaggo wayar, na ƙara sauti. Ta karɓa da yatsa biyu.

To, kun san manya. Ana kiran jirgi, su kuwa suka shimfiɗa gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya mutan gida, ya damina, ya ƙafar, Allah Ya ƙara sauƙi, ya Malam, ya yara. Na tsaya ina matsa yatsuna har suna ƙara. Sai da suka gaji don kansu Dada ta ce:

"Yaya, abin da ke hannunki nawa ne ko?"

"Naki ne. Amana aka ba ni."

"To na karɓa. Allah Ya saka wa Malam da alheri. Tunda ya zama nawa, ina da ikon in yi yadda na so da shi?"

Gwaggo ta gyaɗa kai. "Kina da iko."

"To na wakilta ki. Ki raba wa bayin Allah da ke wurin sadaka, kowa ya sha ya yi min addu'a. Matafiya ne, addu'arsu ba ta faɗuwa. Ni dai ke nake jira. Tun jiya na sa aka yanka kaji, kada ki sa su lalace."

Gwaggo ta miƙo min wayar. Na san an toshe mata ƙofa ɗaya, amma babu mai iya ɗaga ta daga bencin nan in ba ita ta so ba. Tana iya cewa kanta na ciwo. Tana iya cewa ai tarewa an riga an tare. Ta daɗe tana kallona, ni kuma na kasa ko share fuska.

"Goge hawayen nan," ta ce, "kina ba ni kunya cikin mutane."

Ta mayar da takalminta. Ta buɗe jakar hannu ta zaro ɗan kofin silbar da take shan magani da shi, ta miƙe ta fuskanci layi.

"Jama'a, salamu alaikum! Rubutu ne na Malam Sha'aibu na Kiru, sadakar wata baiwar Allah mai ciwon ƙafa. Mai so ya matso, ya sha ya yi mata addu'a."

Na rufe fuska da hijabi. Na ɗauka dariya za a yi mana. Ina! Wani alhaji mai babbar riga ne ya fara fitowa, ya ce shi dama tsoron jirgi yake, a cika masa. Wata mai goyo ta sha ta shafa wa jaririnta a ka. Wasu samari 'yan makaranta suka biyo baya. Wani mai kwat ya ce shi ba Musulmi ba ne, amma Allah Ya ba Mama lafiya, Gwaggo ta ce amin, kai ma Allah Ya kai ka lafiya. Tani ta waiga ta ga ogansu ya juya baya, ta miƙo hannu da sauri.

"Mama, a sam min. A saka ni a addu'a ni ma."

"Sha, 'yar nan. Amma kada ki ƙara nuna wa rubutu bola."

Duk da haka jarkar ba ta ƙare ba, Malam bai yi rowar ruwa ba. Abin da ya rage ni da Gwaggo muka raba. Na sha har na ji cikina yana ƙugi, ɗanɗanon tawada ya cika min baki. Gwaggo ta karkata jarkar ta tsiyaye ɗigon ƙarshe a tafin hannu ta shafe fuskarta da tawa. Aka saka jarkar a na'ura babu komai a ciki, ta wuce abinta. Mu ne na ƙarshen shiga motar da ke kai mutane bakin jirgi.

Jirgin ƙarami ne, mai farfela biyu. Gwaggo ta tsaya a gindin matakala ta ƙare masa kallo.

"Wannan ɗan abin ne aka yi ta tayar mana da hankali a kansa?"

Amma da ya fara gudu bakinta ya mutu. Ta damƙe wuyan hannuna, har yanzu ga shaidar farcenta. Ni ma ba gwaninta na yi ba, duk addu'ar da na sani sai da na karanto, har da ta shiga kasuwa. Da muka daidaita a sama na leƙa taga, na ga gonaki kore shar an yanka su ƙanana-ƙanana, hanya ta zama zare. Na yi ajiyar zuciya irin wadda na manta rabona da ita. Mun tashi. Ko me zai biyo baya, babu wanda zai ce ba a yi tafiyar ba.

Aka kawo mana biskit da lemo. Gwaggo ta saka nata a jaka. Ba ta saki hannuna ba, kuma ba ta kalle ni ba sanda ta fara magana.

"Ni fa na ji daɗi da aka tare jarkar nan."

"Na gani, Gwaggo."

"Ba wai yaron yana da wani aibu ba. Na bincika a Kwanar Dangora, ko mudu bai taɓa tauye wa kowa ba. Amma ke kaɗai Allah Ya bar min a ɗaki. Na ce in aka kai ki wata ƙasa, sai dai in ji a waya kin haihu, ke kuma ki ji a waya an binne ni."

Na kwantar da kaina a kafaɗarta, mayafinta yana ƙamshin turaren wuta na ɗakinmu. Duk haushinta da na ji a bencin nan ya bi iska. Tausayinta ya kama ni sosai, har na ji kunyar yadda nake ta ɗokin barinta.

Ta koma jan carbi. Ba a daɗe ba aka ce a ɗaura bel, za mu sauka. Gwaggo ta zabura.

"Sauka ina? Wani abu ya lalace?"

"Mun iso, Gwaggo. Ga Garwa can, ga kogi."

"Ke, bar wasa. Ko wuridina ban gama ba." Ta leƙa taga da kanta, ta daɗe tana kallo. "Ikon Allah. Ranar da na je ta'aziyya Doguwa na fi haka daɗewa a mota. Ashe nan da nan ne."

Ta faɗi haka sau biyu, na biyun ita kaɗai take gaya wa kanta.

Muna jiran kaya na samu wani bawan Allah cikin waɗanda suka sha rubutu ya ara min waya, domin layina ya daina aiki. Na kira Malam. Na miƙa wa Gwaggo wayar.

"Kun isa lafiya, Yaya? Babu wata tangarɗa a hanya?"

Na runtse ido. Gwaggo ta zayyana masa komai, tun daga mai biro har Tani, ba ta rage ba. Sai Malam ya tambaye ta:

"Ita mai shi da bakinta ta ce a raba?"

"Da bakinta. Da kunnena na ji."

"Ke kuma me kika gani, Yaya? An tare hanya ko an buɗe?"

Gwaggo ta dube ni.

"Malam, ni na zauna a kan hanyar. Da na tashi sai ta buɗe."

Na ji Malam ya yi 'yar dariyar nan tasa da ba a cika ji ba. "To alhamdulillahi. Zan sake yi mata wani. Ku wuce gidan Malam Jibrin, tsohon ɗalibina, yana jiran ku a waje. Ke kaɗai za ki je gidan mutanen nan gobe. Ramla kuwa, kada ƙafarta ta taka gidan sai an ɗaura."

Na ce to da sauri, ko me ya ce a lokacin to zan ce.

Muka turo kaya muka fito. Na hango Hafizu cikin farar shadda, ya sunkuyar da kai kamar ba shi ba. Ga wani dattijo da na tabbata shi ne Malam Jibrin. A tsakaninsu kuwa wata farar tsohuwa ce a keken marasa lafiya, an lulluɓe mata ƙafafu da zane. Matar da aka ce ta daina fita ko ƙofar gida.

Na ja baya zan ɓuya a bayan Gwaggo, amma Dada ta riga ta gan ni. Ta buɗe hannuwa biyu.

"Yaya, sannu da hanya. Wannan ce mai kuka a waya? Matso, 'yata." Ta riƙe hannuna gam, ta juya wajen dattijon. "Malam Jibrin, ka yi haƙuri ka koma. Baƙina ne. Na share musu ɗaki a gidana, su biyun."

Malam Jibrin ya dubi Gwaggo. Hafizu ya dubi ƙasa. Gwaggo Delu, wadda ba ta taɓa tsallake maganar ƙaninta ba, ta gyara mayafi ta ce:

"Ɗan Faransa, ɗauki bakkon nan. Ina motarku take?"